Harambee: yadda wasu kamfanoni a Afirka ta Kudu suka buɗe wa 'ya'yan talakawa ƙofar aikin farko

A shekarar 2011 wasu kamfanoni biyar a Afirka ta Kudu suna fama da wata matsala da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Huɗu daga cikinsu harkar inshora da bayar da rance suke yi: Hollard da Clientèle da Telesure da Direct Axis. Na biyar ɗin shi ne Nando's, mai gidajen sayar da gasasshiyar kaza. Kusan kullum suna da guraben ƙananan ma'aikata, masu amsa waya da masu karɓar kuɗi da masu tsayawa gaban gashi, amma samun waɗanda za su kama aikin su zauna ya zame musu jidali. A ɗauki mutum yau, bayan 'yan watanni ya ajiye, a koma neman wani. A daidai wannan lokacin alƙaluman gwamnati na nuna rashin aikin yi a ƙasar ya kai kusan kashi 25 cikin 100, kuma matasa ne suka fi yawa a ciki. Ga mai neman ma'aikaci, ga mai neman aiki, gari ɗaya, amma sun kasa haɗuwa.

Kamfanonin biyar suna da alaƙa da wani kamfanin zuba jari mai suna Yellowwoods. A can ne Nicola Galombik da abokan aikinta suka kafa wata ƙungiya da ba ta neman riba, suka raɗa mata suna Harambee. Kalmar Suwahili ce, ita ce ma taken ƙasar Kenya, ma'anarta a haɗa ƙarfi a ja tare, kamar dai yadda mu muke cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A shekarar ce kuma baitulmalin ƙasar ya buɗe wani asusun samar da ayyuka na rand (kuɗin ƙasar) biliyan 9, wanda sharaɗinsa shi ne duk mai son tallafi ya kawo nasa kason. Kamfanonin suka kawo nasu, gwamnati ta ƙara, aka sa burin farko na sama wa matasa 10,000 aiki.

Kafin a gane abin da Harambee ta yi, sai an san wane ne matashin da ake magana a kansa. Mulkin wariyar launin fata ya faɗi a 1994, amma ya bar gado biyu masu nauyi. Na farko makaranta. Dokar ilimin baƙar fata ta 1953 an tsara ta ne da gangan don kada ɗan baƙi ya yi karatun da zai wuce na leburanci, kuma har yau makarantun unguwannin talakawa ba su kamo na masu hali ba. Na biyu wurin zama. Dokar raba unguwanni ta 1950 ta kwashe baƙaƙe ta zube su a bayan gari, nesa da masana'antu da ofisoshi. Dokokin sun tafi, gidajen suna nan inda aka gina su. Yaron da ya tashi a irin waɗannan unguwanni sau da yawa ba wanda ke aikin albashi a gidansu, da kuɗin tallafin tsufa na kaka ake cefane. Ba shi da kawu a ofis da zai ce masa an buɗe gurbi, ba shi da wanda zai tsaya masa. Wanda ke da uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya, shi kuwa ba shi da kowa a gindin murhun. Idan ya yi sa'a ya ga talla, layin farko da zai karanta shi ne ana son wanda ya taɓa aiki.

Irin waɗannan Harambee ta nufa kai tsaye: matasa daga shekara 18 zuwa ƙarshen shekaru ashirin, 'yan gidajen marasa ƙarfi, waɗanda suka gama sakandare amma ba su taɓa riƙe aikin albashi na sama da shekara guda ba. Wato dai mutanen da ofishin ɗaukar ma'aikata ke fara zubar da takardunsu.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan lamari shi ne inda aka faro. An saba, idan kamfani zai taimaki matasa, ya ware kuɗi, a tara yara a ɗaki mako biyu, a raba takardar shaida, a ɗauki hoto, kowa ya koma gida ya ci gaba da zaman kashe wando. A Harambee daga gurbin aiki ake farawa. Kamfani ne zai fara cewa yana da guraben mutum kaza, ga abin da aikin ke buƙata, ga ranar da yake son su. Sai a je a nemo matasan, a auna su, a ba su horon da ya dace da wannan aikin, a kai su ganawa. A tsarin farko, kamfanin kuma yana biyan wani abu a kan waɗanda aka kawo masa, kamar yadda zai biya duk wani dillalin ma'aikata. Wannan biyan yana da muhimmanci, domin wanda ya biya kuɗi yakan tsaya ya ga ingancin abin da ya saya. Da kyauta ce da sai a karɓi yaran don kunya, a jingine su a gefe.

Gudummawar da ta fi kuɗin tsada a wurin kamfanonin ita ce yarda da suka yi su sassauta ma'aunin da suka saba tace mutane da shi. Yawancinsu sakamakon lissafi na jarrabawar ƙarshen sakandare suke dubawa, ko su yi wa mai nema gwajin lissafi. Da Harambee ta auna dubban matasa sai ta ga cewa makin lissafi ya fi nuna irin makarantar da yaro ya yi a kan nuna kaifin ƙwaƙwalwarsa. Da yawa daga waɗanda suka faɗi lissafin sun yi fice a gwajin saurin fahimta da warware matsala, wanda ba ya buƙatar abin da aka koya a aji. Yarinyar da ajinsu ya shekara babu ƙwararren malamin lissafi ba daƙiƙiya ba ce, kuma aikin karɓar kuɗi a kanti ko amsa wayar mai inshora ba ya neman lissafin da ake tace ta da shi. Shawo kan manajan da ya shekara ashirin yana ɗaukar ma'aikata ta hanya ɗaya ya ajiye ma'auninsa ba ƙaramin aiki ba ne. Abin da ya sauƙaƙa shi ne masu kamfanonin da kansu ne suka kafa ƙungiyar, a gidansu aka fara gwadawa, sai da aka ga waɗanda aka ɗauka suna aikin kuma suna zama sannan aka tunkari na waje.

Horon kansa ba dogo ba ne. Suna kiransa gada, domin aikinsa ya tsallakar da mutum daga gida zuwa wurin aiki. Na aikin kanti ko gidan abinci kwanaki ne, na cibiyar amsa waya ko kamfanin kuɗi yakan ɗauki makonni. Ana gyara Turancin magana, da saurin buga rubutu a kwamfuta, da lissafin yau da kullum. Amma rabin abin tarbiyyar aiki ce: zuwa a kan lokaci kullum, sanar da shugaba idan uzuri ya taso, haƙuri da abokin ciniki mai faɗa, karɓar gyara ba tare da an yi zuciya an ajiye aiki ba. Ɗan ma'aikaci a gida yake ganin waɗannan tun yana ƙarami, bai ma san koyonsu yake yi ba. Wanda bai taɓa ganin wani ya tashi da asuba ya yi shirin ofis ba dole sai an nuna masa, kuma babu abin kunya a cikin haka. Shi ya sa ake gudanar da horon kamar wurin aiki, wanda ya makara ana rubutawa.

Sai maganar mota, wadda a ganina ita ce darasin da ya fi kowanne sauƙin fahimta kuma aka fi mantawa da shi. A Afirka ta Kudu talaka da ƙaramar bas mai cin mutum goma sha biyar yake zirga-zirga, ita suke kira tasi. A ɗauka ga yarinya a Orange Farm, unguwar da ke kimanin kilomita 40 kudu da Johannesburg, ta sami aikin kanti a Sandton, can arewacin birnin inda masu kuɗi suke. Za ta fito tun duhu bai yaye ba ta bi layi a tasha, tasi ta farko ta sauke ta a tsakiyar gari, ta taka zuwa wata tashar, ta sake bin layi, ta biya kuɗi na biyu. Da yamma haka za ta maimaita, idan kuma aikin dare ya kama ta wataƙila ta tarar motocin unguwarsu sun tashi. Albashi sai ƙarshen wata, kuɗin mota kuwa kullum ne, saboda haka watan farko da bashi za ta yi shi. Ranar da aka biya ta, ta cire bashin, ta cire kuɗin motar wata mai kamawa, ta ba gida, sai ta ga abin da ya rage bai kai wahalar ba. A wata na uku ta daina zuwa. A littafin kamfani za a rubuta cewa matasan yanzu ba su da juriya. Harambee ta bi sawun waɗanda ta kai aiki ta ga wannan na maimaituwa, sai ta mai da nisa ɗaya daga cikin ma'aunanta: a yi ƙoƙari a haɗa mutum da aikin da tasi ɗaya za ta kai shi. Ta kuma riƙa jan hankalin kamfanoni kan yadda sabon ma'aikaci zai tsallake watan farko kafin albashi ya shigo. Babu horon da zai magance wannan matsalar, domin ba a kan yarinyar take ba.

Ƙungiyar ta yi wani abin da ya cancanci yabo: ta bar masana daga waje su gwada aikinta, ko da sakamakon ba zai yi mata daɗi ba. Masu bincike huɗu, Eliana Carranza da Robert Garlick da Kate Orkin da Neil Rankin, sun yi aiki da matasa kusan 6,900 da suka zo Harambee a Johannesburg, aka buga sakamakon a 2022. Duk an yi musu gwaji a fannoni shida, ciki har da iya magana da lissafi da saurin fahimta da naci da tsara aiki. Daga nan aka raba su da ƙuri'a. Kashi ɗaya ba a ba su komai ba. Kashi na biyu aka ba kowa sakamakonsa a takarda ɗaya, ba tambari, don ya san kansa. Kashi na uku aka ba su takardar shaida mai launi a takarda mai kauri, da sunan mutum da lambar katinsa na ɗan ƙasa, da tambarin Harambee da na Bankin Duniya, kofi ashirin, don su liƙa a takardun neman aiki. Takardar ba ta yabon kowa. A kowane fanni tana nuna ko mutum yana cikin na sama, ko na tsakiya, ko na ƙasa a tsakanin waɗanda aka gwada.

Bayan wata uku zuwa huɗu aka bi su. A cikin waɗanda ba a ba komai ba, kusan mutum 31 cikin 100 ne ke da aiki. A cikin masu takarda mai tambari, kusan 36. Abin da suke samu a mako kuma ya ɗara na sauran da kusan kashi ɗaya cikin uku. Waɗanda aka ba sakamako don kansu kawai ba su sami irin wannan ƙarin wajen samun aiki ba. A lura, ba a ƙara wa kowa ilimi ko sana'a ba. Yaran su ne dai na jiya, da abin da suka iya jiya. Abin da ya sauya shi ne yanzu akwai wanda ya shaide su, kuma mai ɗaukar aiki ya yarda da mai shaidar. Wannan ya nuna cewa wani kaso na abin da ake kira rashin ƙwarewar matasa a gaskiya rashin mai shaida ne. Kamfani yana tsoron ɗaukar wanda bai sani ba, sai ya koma ga ɗan'uwan tsohon ma'aikacinsa, ɗan talaka kuma ya ci gaba da yawo da ambulan.

Wani gwajin ya ƙarfafa wannan. A cikin ajujuwan horo 30 na Harambee masu ɗauke da matasa sama da 1,600, an ware wasu aka ba su darasin awa huɗu kacal kan buɗe shafi a LinkedIn, dandalin intanet na masu neman aiki da masu ɗaukar ma'aikata, da amfani da shi. A ƙarshen horo, masu aiki a cikin waɗanda ba su sami darasin ba 70 ne cikin 100, waɗanda suka samu kuwa 77, kuma ratar ta ci gaba har bayan shekara. Awa huɗu ba ta mai da kowa gwani ba, ta dai sa an gan shi.

Ya kamata a gwada wannan da sauran hanyoyin da ƙasar ta bi don jawo kamfanoni. Daga Janairun 2014 akwai rangwamen haraji ga duk kamfanin da ya ɗauki matashi ɗan shekara 18 zuwa 29 a ƙaramin albashi. Masana sun daɗe suna jayayya a kan amfaninsa, kuma da dama daga binciken da aka yi sun ga tasirinsa kaɗan ne, domin wasu kamfanonin suna karɓar rangwamen a kan mutanen da da ma za su ɗauka. A 2018 kuma Shugaba Cyril Ramaphosa ya ƙaddamar da shirin YES, inda kamfani ke ɗaukar nauyin matashi ya yi aikin shekara guda, shi kuma a ɗaga masa matsayi a ma'aunin da gwamnati ke auna yadda kamfanoni ke dama wa da baƙar fata. Shekara guda a wurin aiki babban abu ce ga wanda bai taɓa yi ba, ba na raina ta. Sai dai a nan lada kamfani ke nema daga gwamnati, idan shekarar ta cika ba dole ne ya riƙe yaron ba. A tsarin Harambee na asali buƙatar kamfanin ce ta kawo shi, kujera ce babu kowa a kai kuma yana asara, shi ya sa yake son wanda aka kawo masa ya zauna.

An kuma gwada biyan kuɗi bisa sakamako. A 2018 aka ƙulla wata yarjejeniya da ake kira Bonds4Jobs: masu zuba jari su ba da kuɗin horo tun farko, idan an tabbatar matasa sun shiga aiki sai gwamnatin lardin Gauteng, inda Johannesburg yake, da asusun samar da ayyukan nan na baitulmali da wasu masu tallafi su mayar musu. Burin shekarar farko matasa 600 ne, kuma an cika shi.

Zuwa 2019, shekarar da ta karɓi lambar yabo ta gidauniyar Skoll, Harambee ta haɗa matasa da ayyuka da damar gwajin aiki sama da 100,000, tare da kamfanoni kusan 500, a ƙarƙashin jagorancin Maryana Iskander, wadda daga baya ta koma shugabancin gidauniyar Wikimedia, mai kula da Wikipedia. Ta kuma buɗe reshe a Ruwanda. Adadi ne mai yawa ga ƙungiya ɗaya. Amma a ajiye shi kusa da wani adadin: kowace shekara matasa kusan miliyan ɗaya ne ke shigowa kasuwar neman aiki a ƙasar. A tsawon shekarun da Harambee ta yi tana aiki rashin aikin yi bai ragu ba, hawa ma ya yi, ya haura kashi 30 cikin 100 tun daga 2020. A tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 24 yana kai-kawo a wajen kashi 60.

Nan ne iyakar wannan tsari take, kuma bai kamata mai yabonsa ya ɓoye ta ba. Haɗa mutum da gurbi ba ya haifar da sabon gurbi. Idan kujera ɗaya ce mutum ɗari ke nema, wanda aka shaida ya samu, wani ne ya rasa. Su ma masu binciken takardar shaidar sun hango wannan: da suka aika wa kamfanoni takardun neman aiki, mai ɗauke da shaidar ya fi samun kira idan shi kaɗai ne ke da ita, amma idan da yawa suka zo da ita fifikon yakan dushe. Duk da haka ba na ganin wannan ya rushe aikin. Idan layin da ma an tsara shi ne yadda ɗan Orange Farm zai dawwama a ƙarshe, matso da shi gaba adalci ne ko da tsawon layin bai ragu ba. Kuma kujerar da ta wuni babu kowa, ko wadda ake sauya wa mai zama duk wata uku, asara ce ga kowa.

Ƙungiyar da kanta ta gane cewa tsugune ba ta ƙare ba, sai ta karkata ta fuska biyu. Ta farko, ta shiga neman ayyukan da babu su a da. Ta haɗa kai da ƙungiyar kamfanonin amsa waya da ma'aikatar ciniki wajen jawo kwangilolin ƙasashen waje, musamman daga Birtaniya, wadda agogonta bai yi nisa da na Afirka ta Kudu ba, zuwa birane irin su Cape Town da Durban da Johannesburg, tare da neman a ware wani kaso na sababbin kujerun ga matasan da ba su taɓa aiki ba. Wannan aiki ne da ya shigo daga waje, ba a ƙwace shi daga hannun maƙwabci ba.

Ta biyu, ta rage dogaro da tara mutane a ɗakin horo, ta koma waya. Ita ke gudanar da dandalin SA Youth, wanda ke cikin shirin fadar shugaban ƙasa na samar wa matasa aiki. Kamfanonin sadarwa sun yarda shiga dandalin ba ya cin data, wanda shi ma tallafi ne na gaske ga yaron da sai ya zaɓa tsakanin sayen data da kuɗin mota. Akwai kuma layin waya na kyauta da mutum zai kira ya yi magana da mai ba da shawara. Miliyoyin matasa sun yi rajista, kuma dandalin yana nuna wa kowa damar da ke kusa da inda yake zaune.

Sai dai wani abu ya fito fili a wannan sabon babi. Ɗaukar da ta fi kowace yawa da aka yi ta dandalin ba ta kamfanoni ba ce, ta gwamnati ce: mataimakan malamai da masu kula da makarantu, dubu ɗaruruwa a zagaye guda, shirin da aka faro bayan ɓullar annobar korona. Aiki ne na 'yan watanni a kan mafi ƙarancin albashi, a makarantar unguwa, inda mutum zai iya takawa da ƙafa. Idan wa'adin ya cika, matashin yakan fito da abin da bai taɓa mallaka ba, wato shaidar cewa ya taɓa aiki da sunan shugaban makarantar da za a iya kira a tambaya. Daga nan sai ya koma wayarsa ya buɗe dandalin, ya duba ko wani kamfani ya sa gurbi a inda tasi ɗaya za ta kai shi.